Shafi na Tamanin da Uku

A ofis 'Yar Tela suke kiranta, kuma sunan bai taɓa ɓata mata rai ba. A shagon mahaifinta ta tashi, tana kallon yadda yake juya riga ya gyara ɗinkin ciki tsaf, amma bai taɓa nuna wa mai riga shi ba. Shekara tara ke nan tana rubuta manhajar da ke tura wa marasa lafiya saƙon ranar komawa asibiti, kuma da wannan tarbiyyar take aiki. Duk abin da mutanen waje za su taɓa, ta yi masa bayani dalla-dalla a littafin jagora. Ƙananan ayyukan ciki kuwa, bayaninsu na cikin manhajar, don abokan aiki kawai.

Cikinsu akwai wani guntu mai ƙirga kwanaki da ta rubuta a gaggauce, wanda yake ɗaukar kowane wata kwana talatin ne. Ta san gurgu ne. Ta ɗora masa wani a sama mai daidaita ƙirgar kafin saƙo ya fita, ta rubuta a kansa cewa na wucin gadi ne, kada kowa ya yi aiki da shi kai tsaye.

Sai aka kawo sabon manaja, irin mutanen da ke auna ilimi da kaurin takarda. Ya ɗaga littafin jagora da yatsa biyu, ya ce ya yi siriri, a buga komai da komai.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, duk abin da muka buga, wani zai jingina da shi. Na ciki ba na jingina ba ne."

Ya ce, "Ɓoye-ɓoyen me kike yi?"

Aka buga. Gurgun nan ya samu shafi na tamanin da uku shi kaɗai, gargaɗinta kuwa manaja ya goge shi, wai yana zubar da girman kamfani. Masu kula da kwamfutocin asibitoci suka gan shi a littafi, gajere mai sauƙi, suka yi ta aiki da shi. Laifinsu ne? Ko kaɗan.

Sau huɗu tana neman izinin cire shi. Sau huɗu manaja yana cewa asibiti goma sha ɗaya sun yi gini a kansa, abin da aka buga alkawari ne. Maganarta ce fa ya dawo mata da ita, ko kunya babu. Takaici ya sa ta daina gaishe shi.

Ranar biyu ga Maris, tana tsakiyar aiki, ƙanwarta ta kira ta. Likitan ido da ke zuwa sau ɗaya a wata ya zo shekaranjiya ya tafi, alhali saƙon da aka turo wa mahaifiyarsu ya ce yau ne zai zo. Watan Fabrairu bai kai talatin ba.

Ta tarar da tsohuwar a kan bencin asibiti, ido ɗaya a rufe da auduga, ta ƙanƙame waya a hannu.

"Yauwa, ga ta nan," in ji tsohuwar. "Tun safe nake ce musu su sake dubawa. 'Yata ce ta rubuta abin nan, ita ba ta kuskure."

'Yar Tela ta durƙusa ta ɗaukar mata takalmi. Ta kasa ɗago kai ta dube ta.