Kakata da Hanjin Ragon Layya

Jiya a rumfar mahauta ta Bacirawa na ga ana wanke hanji, sai ƙarninsa ya tsayar da ni. Shekara uku ke nan da rasuwar kakata.

A ƙauyenmu na wajen Kunci, ita ke gyara kayan cikin ragon layya. Takan zura siririn karan dawa cikin hanji, ta juyo cikinsa waje, ta wanke sau uku. Matsarmama kuwa ba ta yarda kowa ya cire ta daga hanta, don in ta fashe ɗacinta kan ɓata naman.

A sallarta ta ƙarshe na je mata da magunguna, domin ta yi wata biyu ko koko ba ya zama a cikinta. Tana aiki ina bayani: abinci kan bi maƙogwaro ya sauka tumbi ya narke, sannan hanji ya tsotse amfaninsa ya ba jini.

Ta ɗago hanjin yana ɗiga. "Ɗan boko, ni za ka nuna wa hanyar? Tun ba a haifi ubanka ba nake bin ta da hannu. Tawa ce kawai ta toshe."

Da farfesun kayan cikin ya nuna, na ce, "Inna, ko cokali ɗaya."

Ta kai romon bakinta, ta shaƙi ƙamshin citta, ta mayar. "Kai ci, ina kallo."

Na cinye ni kaɗai, idonta na bin kowace loma.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Ya ciyar da ke abincin Aljanna, ki haɗiye lafiya, ki ƙoshi.