Ganyen Tekun Maman Sori

Ranar da Maman Sori ta tashi tafiya Berlin wajen 'yarta mai jego, ruwan sama ya kama ta tun daga jirgin ruwan tsibirinmu, Gapado. Ni na raka ta, don haka ba labari aka ba ni ba. Kwalin busasshen ganyen teku take rungume da shi, wanda ta nutsa da kanta ta yanko, ta shanya a kan katanga. Kowa ya san halin ganyen nan: ya ji ruwa, sai ya tuna gida. Kafin mu kai filin jirgin Jeju kwali ya yi cikin wata tara. Ana ɗora shi a sikeli ya fashe, ganye ya malalo har kan takalmin ma'aikaciya.

Na ce, "Yaya, 'yarki ce ta haihu ko kwalin?"

Ba ta ko dube ni ba. Aka ce jiƙaƙƙen kaya ba ya hawa, amma ita tana iya shiga. Ta ce uwa ba ta shiga ɗakin mai jego hannu rabbana, wa zai yi wa Sori miyar jego? Jirgi ya tafi, muka dawo.

Sunanta Bu Okryon, amma tun da ta haifi Sori sunan ya ɓace. Tana 'yar shekara goma sha uku ta fara nutso. Mijinta ya fita kamun kifi bai dawo ba, da numfashinta ta biya wa yarinyar makaranta har ta zama nas, Turai ta ɗauke. Boko kam ni da ita duk kanwar ja ce, amma lamba ɗaya ta haddace: kilomita dubu takwas da ɗoriya, tsakaninta da Sori. Ta tambayi direban jirgin ruwa sau nawa ke nan zuwa Moseulpo, garin da ke tsallaken ruwanmu. Ya ce ya fi sau dubu. Ta ce, "Ashe da sauƙi."

Yanzu jikar ta yi wata biyar, a waya kawai take ganinta. Sori ta sha miyar ganyen kanti. Ita kuwa ta sake shanya wani, wannan karon leda uku ta tanada, sai dai likita ya ce ƙirjinta ba zai ɗauki awa goma sha wani abu a sama ba tukuna. In jirgi ya gifta muna bakin ruwa, sai ta ɗaga gilashin nutsonta ta bi shi da ido har ya shige gajimare.

Jiya na same ta tana juya shanyar.

"Yaya, haƙura za ki yi. Kafin ki isa, jikar nan ta yi haƙoran tauna ganyen ɗanye. Wa ya aike ki haifar 'yar da ta fi ƙarfin kwalekwale?"

Ta karkaɗe hannu.

"Tawa tana bangon duniya, kullum da safe sai ta kira ta ji ko na ci abinci. Taki da ke Moseulpo, tafiyar minti goma, jirgin sama nawa ake hawa kafin ta leƙo ki?"