Kawu Bukar da geron da na kasa haɗawa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Kawu Bukar, ƙanin mahaifiyata. A makon nan ya fi zo mini a rai, kuma ba zan ce tunanin ya ba ni natsuwa ba.

A zaurensa da ke Shahuci ake kawo masa tsofaffin littattafan hannu da suka tarwatse. Irinsu ba a ɗinke su. Fallaye ne a cikin gafaka, babu lambar shafi, sai dai marubuci yakan ajiye kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gama. Da ita Kawu yake bin sawu har kowane falle ya koma wurinsa.

Ina aji biyu a jami'a na taya shi jera wani littafin magunguna na wasu mutanen Ƙofar Ruwa. Fallaye uku dukkansu da kalma ɗaya suka fara. Na ɗauki wanda ya fi kama, na sa. Ya karanta, ya cire tabarau.

"Modu, ka haɗa farkon maganin ido da ƙarshen na tsutsar ciki. Wa za mu fara ɗiga wa, ni ko kai?"

Na ce ai kalmar ta dace. Ya ce kalma ɗaya ba ta isa shaida ba, sai an bi layukan da ke gabanta da na bayanta. Inda ruwa ya cinye layukan kuwa, ya ware fallen gefe.

Yanzu digiri na biyu nake yi, ina karanta DNA ɗin wani irin gero, wato rubutun gado da ke cikin ƙwayarsa. Na'urarmu ba ta karanta shi a miƙe. Guntu-guntu take bayarwa, kowanne haruffa ɗari da hamsin, kwamfuta ta jera su tana duba inda ƙarshen wani ya dace da farkon wani. To gero ya cika maimaita kansa. Idan wurin da ya maimaita ya fi kowane guntu tsawo, da wuya a san me ke biye da shi. Akwai na'urori masu karanta dubban haruffa a jere, su ƙetare maimaicin su kamo abin da ke gaba, amma geronmu bai kai gare su ba, ban kuma san yaushe zai kai ba.

Kwamfuta ta haɗa mini wani wuri, daf da sashen da muke zaton yana taimaka wa gero jure fari. Haɗin ya yi kyau. Wataƙila ma daidai ne. Malamar da ke duba aikina ta ce in miƙa a haka, in ba haka ba sai baɗi zan kammala. Amma idan kuskure ne, masu inganta iri za su iya bin sa shekaru.

Me Kawu zai ce? Ban tabbata ba. Mutum ne mai son a gama aiki, ya sha yi mini tsiyar na cika fargaba. Ina jin dai zai tambayi tsawon abin da na karanta kafin in yarda, amsar kuwa ba za ta gamsar da shi ba.

Jiya na raba haɗin, na rubuta wa malama dalili. Har yanzu ba ta amsa ba, ina ta duba waya.

Littattafan duk sun koma ga masu su, zauren ya zama shagon ɗinki. Abin da ya rage mini na Kawu, in ban yi kuskure ba, shi ne wannan rashin sukunin da yake hana ni sa hannu a kan abin da ban gani ba. Ga shi zai ci mini shekara guda. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.