Inna Jummai Mai Kwance Goyo

Kafin jirgin farko ya tashi daga bakin ruwan Wara, Inna Jummai ta riga ta hura wutar bandar kifinta, ta ja kujera ta zauna inda duk mai shiga jirgi sai ya wuce ta gabanta. Idonta ba ya kan kifi, yana kan bayan mata. Da ta hango goyo, sai ka ji muryarta: "Ɗiyata, kwance yaron ga ki ɗora shi ga cinya."

Abin ya samo asali tun farkon cikar tafkin Kainji, lokacin da mutanen tudu da ba su san ruwa ba suka fara hawan jirgi zuwa kasuwa. Wata rana jirgi ya kife kusa da gaɓa. Aka ceto uwaye da rai, amma jariran da ke ɗaure a bayansu sun riga sun tafi, domin uwa na ɗaga kai neman numfashi, goyonta na nutsewa. Jummai na cikin matan da suka kwance zannuwan a ranar. Tun daga nan ba ta sake yin shiru ba.

Ba a karɓe ta da daɗi ba. Mata suka ce ina aka taɓa raba uwa da goyonta a hanya? Ɗangana, wani tsohon matuƙi, ya gaya mini yadda ta taɓa riƙe igiyar jirginsa ta hana shi tashi. "Na ce mata, Inna, rana na yi, sake man igiya. Tac ce, ba ni saki sai an kwance. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma jirgin ga bai tashi ba sai da anka kwance." Christiana, wata manomiya daga ƙauyukan Ngaski, ta nuna mini ɗanta Daniel, wanda aka fizge daga hannunta aka miƙa wa masunta ranar da iska ta juya jirginsu. Da yana baya, in ji ta, da yanzu wani zance ake.

Inna, ke ce kika sha zagi don 'ya'yan da ba ki haifa ba. Mu kuwa mun yi sakaci. Ga mu da sabuwar jiharmu ta Kebbi, kowa na ba da labarin manya, babu wanda ya zo ya zauna ya ji naki. Yanzu ƙafa ta ƙi, za ki bar bakin ruwa, kuma mantuwa ta fara cin sunayen matuƙan da suka fara ba ki goyon baya. Wannan yana ci mini rai.

A gaban Inna Jummai na tambayi wata matashiya da ke kwance goyo, wa ya koya mata. Ta dube ni da mamaki. "Ai haka munka taras tun kakanni."

Inna Jummai ta yi dariya ta ce hakan ma ya isa. Ni dai bai ishe ni ba.

Mun gode, Inna, Allah Ya saka da alheri. Ku kuma da kuka tsallake ruwan nan a kan cinya, ku je ku gaishe ta, ku tambaye ta, ku gaya wa 'ya'yanku sunanta, tun tana iya amsa shi.