Hannun Muhsina

Ina tsakiyar karatu Gwaggo Rekiya ta saki muciya ta ce, "Nazifa, maimaita min wurin nan." Na maimaita mata, don ni ma na gane.

Gwaggo ƙanwar babana ce. Tun tana budurwa take matsar man gyaɗa a Kaura Namoda. Ba ta yi boko ba, amma tana son labari. Da na gama digiri na zauna jiran aiki, sai ya zama kullum bayan la'asar ina karanta mata littafi a waya tana aikinta. Na wannan karon labarin wata 'yar riƙo ce da marikiyarta ta tsoma wa hannu cikin tafasasshen kunu. Yarinyar ta koma ci da hagu, tana ɓoye daman cikin hijabi.

Gwaggo na da 'yar fari, Muhsina, mai shekara sha ɗaya. Tun yaye aka kai ta riƙo wurin Zulai, yayar mijin Gwaggo, a Gurbin Bore. Saboda kunyar 'yar fari, Gwaggo ba ta faɗin sunanta, ba ta tambayar lafiyarta. Da Babbar Sallah an kawo yarinyar kwana biyu, kuma da hagu ta ci tuwo. Ni na yi mata faɗa, na ce ba ta da tarbiyya.

"Na lura," in ji Gwaggo. "Na ga tana ɓoyon hannun, na yi kara. Wa na yi ma karar? Zulai?"

"Gwaggo, ƙirƙira ce fa."

"To a littafin mi aka yi ma matar?"

Na duba ƙarshen. "Ta nemi gafara, an yafe mata."

"Wanda ya rubuta bai taɓa haihuwa ba. Ni in na iske haka, ban yafewa. Gaban alƙali Zulai za ta kwance hannun Muhsina da kanta, duk garin na kallo."

Ranar na fara jin sunan a bakinta. Ni ma ba na son a yafe. Har shirya maganar da zan faɗa wa Zulai nake yi, sai in tuna wadda na faɗa wa yarinyar.

Da ta ce za ta Gurbin Bore, babana ya ce ta jira, hanyar Zurmi ba lafiya. Ta ce ta jira shekara tara. Ranar Talata ta rufe turminta ta hau mota. Yau Alhamis, wayarta ba ta shiga, kuma babu wanda ya zo daga can.