Keken da Ke Tsayawa Idan Na Buɗe Baki

Ranar Laraba, tara ga watan Safar, jim kaɗan bayan la'asar, Allah Ya karɓi abinSa. Mahaifiyata, wadda duk unguwa ta sani da Inna Mai Keke, ta rasu a gadon asibiti bayan jinyar shanyewar ɓarin jiki. Daga gare Shi ta zo, gare Shi ta koma, mu ma muna kan hanya. Na rubuta wannan ta'aziyya ne don ba zan iya faɗinta da baki ba. Tun ranar da aka fita da ke daga gida, Inna, i'inar da na yi zaton mun rabu da ita ta dawo ta zauna mini daram a harshe.

Kin san da ita na tashi. Yara suna kwaikwayona a hanyar makaranta, amma ba su ne suka fi ƙona mini rai ba. Manya ne, masu tausayi, waɗanda da zarar na maƙale sai su ƙarasa mini maganar, su shafa kaina, su wuce. Rabin abin da suke ƙarasawa ma ba shi nake nufi ba. Har na saba da gyaɗa kai, na fara yarda cewa abin da ke bakina bai kai a tsaya a ji ba.

Ke kuwa ba ki taɓa ce mini zan warke ba, ba ki kuma taɓa cewa in yi a hankali ba. Abu ɗaya kike yi. Kekenki na ɗinki yana bakin taga, kina taka shi tun safe, ƙararsa ta cika ɗakin. Amma da na buɗe baki sai ƙafarki ta tsaya cak. Ko a tsakiyar layi ne, ko mai kaya tana tsaye a kanki tana haƙilon tafiya, sai ki ɗora hannuwa a kan yadin ki dubi idona, ba bakina ba, ki ce, "Ina jin ki." Ba ki sake taka keken sai na kai aya.

Ban manta da matar nan mai gwalagwalai da ta zo awo ba. Na shigo zan faɗa miki wani abu, na maƙale, sai ta ce, "Haba yarinya, furzar da shi mu huta mana! Abinci take so." Kika zare tef ɗin awo daga ƙugunta, kika naɗe yadinta tsaf kika miƙa mata.

"Hajiya, 'yata ba ta gama magana ba. In kina sauri ga kayanki."

Matar ta yi turus, ta nemi kujera ta zauna. Duk abin da na zo faɗa shi ne akuyar maƙwabta ta shigo tana cin ƙyallaye. Kafin in gama ta cinye hannun riga guda, amma ko gezau ba ki yi ba.

Sai kuma aiken zare, wanda a lokacin na ɗauka mugunta ce tsantsa. Kowace mai ɗinki takan ba yaro guntun ƙyalle ya nuna wa mai shago. Ke kika hana ni. Kika ce da baki zan faɗi kalar. Kullum kika aike ni shuɗi ko ruwan toka, sai in dawo miki da ja, don shi kaɗai ke fita daga bakina kafin kunya ta kama ni. Sai ki karɓa ki jefa a gwangwani ki ce, "Ja ma zai yi rana. Gobe sai shuɗi." Ranar da na dawo da shuɗin ba ki yi guɗa ba, ba ki tara mutane ba. Kika zura shi a allura kika ce, "Kin gani? Ba sato maganar kika yi ba, balle ki gudu da ita." Da wannan kalma na shiga aji na zama malama, ni da ake cewa ko sallama ba zan iya kaiwa ƙarshe ba.

Da ciwon ya same ki, harshenki ne ya fara tafiya. Na ga yadda aka kewaye gadonki ana rige-rigen ƙarasa miki magana. "Ruwa? Filo? A juya ki?" Na ga irin kallon da kike yi musu, na kuwa san shi, don nawa ne. Na kore su duka, har da Yaya, ban kuma ba kowa haƙuri ba. Na zauna kusa da ke na ajiye duk abin da ke hannuna.

A ranar ƙarshe kika kama wuyan hannuna da hannunki mai lafiya. Kika ce, "Ki... ki..." Na ce, "Ina jin ki, Inna." Na jira yadda kika koya mini, ina kallon idonki. Ina cikin jiran nas ta dafa kafaɗata.

Tun daga nan kowa ya zama masanin abin da kika so faɗa. Yaya ya ce, "Cewa za ta yi ki yafe mata." Goggo ta ce, "A'a, ki riƙe zumunci take nufi." Na san don su sanyaya mini zuciya suke yi, amma raina ya ɓaci. Na daɗe ina fama kafin maganar ta fito, na ce musu, "Ba ta gama ba."

Abin da ke bina yanzu shi ne shirun ɗakinki. Keken yana nan bakin taga, da rigar wata a ƙarƙashin allura, rabi a ɗinke. A ƙasan teburin na tarar da gwangwanin nan, cike da jan zare har baki. Ga kowa, shirun keken alamar mai shi ba ta nan ne. Ni kuwa tun ina ƙarama abu ɗaya shirunsa ke nufi: kin tsaya, kina saurarona. Sai in zo bakin ƙofa in ji ɗakin gaba ɗaya yana jirana, in juya da gudu. Shugabar makarantarmu ta kira ta ji yaushe zan koma, na kasa ko amsa sallamarta, na kashe wayar. Na gaya wa maigidana na bar koyarwa ke nan, don ba zan tsaya gaban yara da wannan bakin ba.

Jiya da hantsi na shiga. Na zauna a 'yar kujerar da nake zama ina yarinya, na fara yi miki addu'a da ƙarfi. Na maƙale tun a kalmar farko, hawaye yana zuba. Ba wanda ya ƙarasa mini. Keken bai motsa ba har na kai ƙarshe na shafa. Ranar Litinin, in Allah Ya kai mu, zan koma aji, yara su jira ni.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya, da Goggo ƙanwarki, da jikokinki, da matan da kayansu suka kwana a hannunki. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Allah Ya jiƙanki, Ya yafe kurakuranki, Ya yalwata makwancinki Ya haskaka shi. Ya Ubangiji, idan an zo tambayarta Ka sauƙaƙa mata, Ka warware harshenta, don ba ta taɓa gaggauta mai rauni ba.

Maganar da kika fara kuwa, Inna, ban bar kowa ya ƙarasa miki ita ba, ba kuma zan bari ba. Na ajiye komai. Ina jin ki.