Anti Tantama da Kan Roba

Kafin masu shara su gama goge baranda, ta riga ta shige ɗakin na'urorin haske. Ta kunna, ta auna, ta rubuta, ta sake aunawa, tana hararar allon kwamfuta kamar wanda ya taɓa yi mata ƙarya. Shekara ashirin da shida aikinta ke nan: awon hasken da likitoci ke harbawa cikin kan mutum ba tare da an tsaga shi ba. Abokan aiki suna ce mata Anti Tantama, kuma wallahi sunan ya bi jiki.

Bara aka kawo wani tsohon direban bas mai ciwon jijiyar fuska. Ciwon nan mugu ne, yana fizgar kunci kamar wutar lantarki. Bawan Allah ya daina aske gemu, ya daina tauna, ko iskar fanka tsoronta yake. Magani ya gaza, sai dai a ƙona jijiyar da haske, ita kuwa tana dab da gindin ƙwaƙwalwa.

Hanya biyu ce. Tsohuwar na'ura, a ɗaure kai da ƙarfe, siraran haskoki kusan ɗari biyu su haɗu a ɗigo guda. Sabuwar kuwa haske ɗaya ne ke kewaya kai, ba ƙarfe, ba huda fata. Likita ya zaɓi sabuwar.

"Ranka ya daɗe, ba ni kwana huɗu in gwada su biyun," in ji Anti.

"Haba Anti, masu ita sun gwada, ga takardarsu."

"Na karanta. Gani ya kori ji."

Nan fa tsegumi ya tashi. Wasu suka ce tsufa ne, tana tsoron sabon abu. Wasu suka ce so take a san da ita. 'Yar direban ta tare ta a baranda, ido jajur.

"Mama, me Babana ya yi miki? Kwana uku ko kunu bai iya sha ba!"

Maganar ta yi mata zafi ƙwarai, amma ta haɗiye. Ta ɗauko kan robar da take gwaji da shi, ta cusa takardar da haske ke yi wa tabo, ta sa kowace na'ura ta harba. Tsohuwar ta sauka a tsakiya cif. Sabuwar ma haka, har sai da aka juya gado yadda za a juya shi ranar aiki, sai tabon ya goce milimita ɗaya. Ta maimaita sau biyar, don ko idonta ba ta yarda da shi ba. Gociyar kuwa wajen gindin ƙwaƙwalwa ta nufa.

Likita ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce a shirya tsohuwar, a kira masu gyara su saita sabuwar.

Anti, ke ce kika ɗauki baƙin jini don wani ya koma gida da ƙafarsa. Mai hana ɓarna tun ba ta fito ba! Mu abokan aikinki mun yi gulmarki, kuma mun ji kunya.

Bayan wata biyu direban ya dawo, gemu a aske, yana dariya da baki duka. Ya ci karo da ita a baranda.

"Baiwar Allah, ina ofishin likita? Godiya na zo yi."

Ta nuna masa ƙofar da hannu, ta wuce ɗakin na'urorinta.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Godiyar da kika nuna wa ƙofar wani, yau mun kawo miki ita har taki, Anti. Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu tasowa, kafin ku sa hannu a kan ran mutum, ku auna, ku sake aunawa, ko da kowa zai ji haushinku.